Sarkin Tsauni da Shuɗin Hazo

Shekara goma sha tara Sturla mijin ƙanwata yana Sarkin Tsauni a kwarinmu, kuma a duk shekarun nan ban taɓa ganin ya kamo tunkiya ɗaya da hannunsa ba. Sarauta ce ta kwana uku. Idan kaka ta yi za a hau tsauni a tattaro tumakin da suka yi wata uku suna kiwon kansu, sai a sa mutum ɗaya ya raba wa mahaya hanya, ya ce wane ka bi nan, wance ki bi can. Iyakar aikin ke nan. Amma Sturla ya ɗauke shi kamar Iceland gaba ɗaya aka danƙa masa. Yana da wata hula ta fatar rago da ba ya sa ta sai a kwanakin nan uku, yana da sanda mai kan azurfa, yana da murya irin ta mutumin da tun yana yaro ba a taɓa ce masa ya yi shiru ba.

Ni Hallveig, tun ina da shekara goma sha biyar nake hawa tsaunin nan, yanzu na haura sittin. Ranar da Oddný ƙanwata ta kawo shi gidanmu ya cinye rabin ƙyafaffen naman ragon da mahaifiyarmu ta ajiye don Kirsimeti, yana ci yana koya wa mahaifinmu yadda ake ƙyafe nama. Tun ranar na gama saninsa.

A shekarar da nake ba da labari ƙasa ta tsage a arewacin babban tsaunin ƙanƙara a ƙarshen watan Agusta, wuta ta yi ta malala a cikin hamadar baƙin yashi inda ba kowa. Daga gonakinmu ba a ganin wutar. Abin da ya zo mana shi ne hazo, wani shuɗi-shuɗi mai laushi, ya rataya a kan tsaunuka. Rana ta koma ja kamar garwashi. Idan ka fita sai ka ji kamar an ƙyasta ashana a ƙarƙashin hancinka, bakinka ya yi ɗanɗanon tsohuwar kusa. Wata rana iska ta kwashe shi zuwa teku, wata rana ya dawo.

Sai aka aiko mana Salvör. 'Yar kwarin ce, 'yar marigayi Grímur da ya yi shekaru yana tuƙa motar madara, ta tafi Reykjavík ta karanci duwatsu masu aman wuta da iskar da suke fitarwa. Ta zo da wani akwati fari ta ɗaure a kan rufin zauren taron ƙauye, kullum da safe ta hau tsani ta duba. Ba ta da yawan magana. Mutanen kwari suna gaishe ta da fara'a, a bayanta kuma suna cewa gwamnati na biyanta don ta shinshina iska.

Ranar Litinin kafin hawa aka yi taro a zauren. An dafa kofi, mata sun kawo fanke. Sturla ya tashi ya karanta sunayen mahaya goma sha ɗaya, ya ce Alhamis za a koro garken ta Baƙin Kwazazzabo kamar kullum. Salvör ta ɗaga hannu.

"Ina roƙo a bar Alhamis," ta ce. "Daga daren Laraba iska za ta tsaya cak, kuma za a yi sanyi. Iskar farar wuta ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. Idan ba abin da ke kaɗa ta, gangarowa take yi ta kwanta a wuri mai zurfi, kamar ruwa. Baƙin Kwazazzabo shi ne wuri mafi zurfi tsakanin wutar da mu. Ku jira Asabar, ko ku bi ta doron tsauni."

"Ta doron tsauni!" Sturla ya juya yana kallon maza. "Kun ji? Ƙarin awa biyar a kan sirdi, saboda akwatin 'yar Grímur ya yi atishawa."

Aka yi dariya.

"Yarinya, bari in tambaye ki. Ba ku ne kuke shiga rediyo kuna cewa taraktata ce ke ɓata sararin sama ba, da tusar shanuna? To ga shi dutse ɗaya ya buɗe baki ya fitar da abin da ya fi na motocin duniya. Ku je ku ci shi tara mana."

"Abu biyu ka haɗa, Sturla. Iskar da ke ɗumama duniya daban take, kuma duk duwatsun duniya idan ka tara su ba sa fitar da kashi biyu cikin ɗari na abin da mutane ke fitarwa. Wadda nake magana a kanta farar wuta ce. Idan ta hau can sama sosai ma tare rana take yi, duniya ta ɗan yi sanyi. Idan ta haɗu da gajimare ta dawo cikin ruwan sama ta ci maka kwanon rufi. Idan kuwa ta kwanta a ƙasa, huhu take ci."

"Huhu!" Ya bugi ƙirjinsa. "Kakanninmu sun shaƙi hazon da ya ninka wannan sau ɗari, ba akwati, ba takunkumi, ga mu nan jikokinsu."

"Mutum ɗaya cikin biyar ya mutu a wancan hazon," ta ce. "Waɗanda suka mutu ba su bar jikan da zai zo taro ya yi alfahari ba."

Na ga kunnuwan Sturla sun yi ja. Da a ce maza goma da ke wurin suna da mai zuciya ko guda ɗaya a tsakaninsu, da a nan maganar ta ƙare. Amma kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Sai Ketill, maƙwabcina, tsoho mai shekara saba'in da huɗu da ke fama da asma tun ƙuruciya, ya yi gyaran murya ya ce shi dai wataƙila bana zai zauna a gida.

Sturla ya samu inda zai sauke kunyarsa.

"Zauna mana, Ketill. Ka zauna kusa da murhu, Hallveig ta ara maka allurar saƙa. Mu za mu kawo maka tumakinka har ƙofar gida, mu shafa musu kai a madadinka."

Aka sake dariya, har da waɗanda Ketill ya koya wa hawan doki. Tsohon ya yi murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a coci, ya ce to a bar sunansa a takarda. Ni ma ina zaune, fanke a hannuna, ban ce uffan ba. Ban manta da wannan ba, kuma ba na yafe wa kaina.

A bakin ƙofa Salvör ta tare ni. Ta sa mini wata 'yar na'ura rawaya a tafin hannu, ba ta fi akwatin ashana biyu ba, da takunkumi guda biyu.

"Su ke nan suka rage mini, inna Hallveig, sauran na kai makaranta. Ki maƙala wannan a wuyan rigarki. Idan ta fara kuka a hankali, ku yi sauri. Idan ta fara ba tsayawa, ku bar tumakin ku hau sama. Sama, ba gaba ba."

"Zai ce in kashe ta."

"Ba ta da makashi," ta ce. "Shi ya sa na zaɓe ta."

Talata da Laraba aiki ya tafi daidai. Iska na kaɗawa daga kudu, sama garau, karnuka na ta zagaye, muka tattaro tumaki kusan dubu biyu muka tara su a filin da ke gaban bukkar tsauni inda muke kwana. Sturla yana kan wani tudu a kan dokinsa, yana nuni da sanda inda kowa ya riga ya nufa. A wurin cin abinci, muna shan romon rago, ya ɗauki na'urar daga wuyana ya kara a bakinsa ya yi gyatsa, ya ce a duba ko ta kama wani abu. Bergur, wani ƙato mai kiwon dawaki a bakin kogi, ya yi dariya har ya ƙware.

Safiyar Alhamis na fito na tarar duniya ta tsaya. Ko gashin tunkiya ba ya motsi. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, hayaƙin murhun bukka ya fita ta bututu ya gangaro ta kan rufi ya kwanta a ƙasa. Can ƙasa, bakin kwazazzabon cike yake da shuɗin abu, sumul, kamar an zuba madara a kwano.

Na je wurinsa yana ɗaure sirdi.

"Ranka ya daɗe, ka duba can."

"Hazon safe ne. Rana na fitowa zai watse."

"Hazon safe fari ne, Sturla. Shekara nawa kana ganinsa?"

"Hallveig, idan tsoro kike ji ki bi doron tsauni ke da akwatinki. Ni ba zan kai dabbobi dubu biyu gida da duhu ba saboda mata biyu."

Na miƙa wa Ketill takunkumi ɗaya. Ya karɓa, ya saci kallon Sturla, ya cusa shi cikin aljihu.

Muka kora garken. Kwazazzabon tafiyar awa ɗaya ce, bango a dama, bango a hagu, rafi a tsakiya, kuma da zarar tumaki dubu biyu sun shiga ba mai juya su. Ni da Ketill da Bergur muna baya, Sturla yana kusa da mu don a baya ne ake ganin kowa. Minti goma da shigarmu na'urar ta fara: ɗil, shiru, ɗil.

"Rufe mata baki!" Sturla ya daka mini tsawa.

"Ba ta da makashi, ranka ya daɗe."

Muka ci gaba. Idanuna suka fara yaji, hawaye na zuba. Tumaki suka fara tari. Wanda bai taɓa jin tumaki dubu biyu na tari a cikin rami ba, ba zai gane ba, kamar asibitin tsofaffi ne. Karen Bergur ya daina haushi ya dawo yana goga hanci a ƙasa. Na sa takunkumina. Na'urar ta daina ɗil-ɗil ta koma kuka ɗaya dogo.

Na waiwaya in ce wa Ketill ya sa nasa, sai na ga dokinsa ba kowa a kai. Yana durƙushe a bakin rafi, hannu ɗaya a kan dutse, ɗayan yana lalube a aljihu. Numfashinsa na fita da wani siririn fito. Leɓunansa sun fara canza launi. Na diro, na zaro maganin shaƙarsa na danna masa sau biyu, na ɗaura masa takunkumin, amma iskar ba ta shiga, ƙirjin ya riga ya rufe.

"Bergur! Sturla! Ku zo ku kama!"

Bergur ya iso yana tari kamar zai amayar da hanjinsa. Sturla ya tsaya a kan doki, taku goma daga inda muke. Ina kallonsa ya juya ya kwance jakar sirdinsa, ya zaro wani abu baƙi. Takunkumi ne, amma ba irin namu ba. Babba, mai rufe fuska gaba ɗaya, da gilashi a gaba da gwangwani biyu a gefe, sabo fil, ledarsa ma a lokacin ya yage ta. Ya ture hular fatar ragon ta faɗi ƙasa, ya zura kansa ciki, ya ja maɗauran da gwaninta irin ta wanda ya haddace takardar bayaninsa.

"Ba shi!" na ce. "Sturla, kawo wa Ketill!"

Muryarsa ta fito daga cikin robar kamar daga cikin tulu. "Bari in hau in nemo inda waya ke kamawa. Ku riƙe shi."

Ya zaburi doki ya bi wata 'yar hanyar tumaki da ke hawa bangon hagu. Ban taɓa sanin dokin nan yana da gudu haka ba.

Ni da Bergur muka ɗora Ketill a kan dokina, Bergur ya riƙe shi ta baya, ni na ja linzami. Muka bi hanyar da Sarki ya bi. Hawa ne mai tsayi, duwatsu na zamewa, kowane taku ashirin sai Bergur ya tsaya ya dafa gwiwa. Na cire takunkumina na ba shi, muka riƙa karɓa-karɓa. Wajen rabin hawan kukan na'urar ya fara yankewa. Da muka kai doron ta yi shiru, iska mai sanyi mai tsabta ta bugi fuskata, na zauna a ƙasa na yi ta tari.

Motar 'yan ceto tana tsaye a kan hanyar doron, Salvör a gefenta da mutum biyu da tukunyar iskar numfashi. Ba Sturla ne ya kira su ba. Tun da asuba ta duba akwatinta, ta je ta tashe su, ta ce su zo su jira a nan don ta san inda za a fito idan an fito. Sarkin Tsauni kuwa yana zaune a kujerar gaba, an lulluɓa masa bargo, yana shan kofi daga butar wani. Takunkumin ya ɓace. Har ya fara ba direban labari.

Sauran mahayan da ke gaba sun fita ta ƙasan kwazazzabon da jajayen idanu, garken ya bi su. Tumaki bakwai ne kawai suka kwanta ba su tashi ba, tsofaffi. Ketill ya yi kwana goma sha biyu a asibiti.

Ranar Asabar, ranar da Salvör ta ce a jira, iska ta taso daga kudu ta share kwarin tas. Da rana na kunna rediyo ina wanke kwanuka sai na ji muryar da na sani. Wani ɗan jarida ya same shi. Sturla yana bayani cewa shi da ya ga halin da ake ciki, a matsayinsa na shugaba, sai ya yanke shawara nan take ya ratsa hayaƙin shi kaɗai don ya nemo taimako. Ya ce irin wannan iska ba abin wasa ba ce, farar wuta ce, ta fi iska nauyi, tana kwanciya a wuri mai zurfi kamar ruwa. Ya ce ya kamata hukuma ta riƙa faɗakar da manoma da wuri.

Na ajiye kwanon na tuƙa mota zuwa gidansu. Ba ya nan. Oddný tana gugar riga, ta ga fuskata ta kashe dutsen gugar.

"Yaushe ya sayi abin?" na tambaye ta.

"Yaya, don Allah."

"Yaushe?"

"Ni na yi masa odarsa. Sati biyu kafin taron. Ya ce kada in gaya wa kowa." Ta zauna a bakin kujera. "Ba ya barci, Hallveig. Kullum sai ya tashi ya toshe tagogi da tawul. Tsoro yake ji tun ranar da hazon ya fara. Ba ki san shi ba."

"Na san shi tun kafin ki aure shi. Tsoro ba laifi ba ne, ni ma na ji. Amma ya tsaya a gaban mutane ya mai da Ketill abin dariya, alhali nasa takunkumin yana cikin jaka."

"Idan kika faɗa, a kwarin nan zan ci gaba da zama, ba ke kaɗai ba."

Saboda ita na yi shiru duk hunturun. Wutar ta mutu a ƙarshen Fabrairu. Ketill kuwa tun kaka ya dawo gida da siririn tiyo a hanci da tukunya da yake ja a baya kamar ɗan kare. Daga kicin zuwa garke sai ya huta sau biyu. Ya kira ni ya ce in kwashe tumakinsa arba'in in haɗa da nawa, shi ya gama. Na tambaye shi ko Sturla ya zo duba shi. Ya ce ya aiko da kati.

A taron watan Mayu, da aka zo zaɓen Sarkin Tsauni, na tashi. Ban ɗaga murya ba. Na faɗi abin da na gani, daga yage ledar har zuwa bargon. Na ce Bergur yana wurin, a tambaye shi.

Duk aka juya ga Bergur. Ƙaton nan da ya riƙe Ketill a kan doki ya hau da shi bango, ya kalli silin, ya sosa gemu, ya ce shi gaskiya idanunsa na ta ruwa a lokacin, bai ga komai sosai ba. Ingarmansa yana kiwo a filin Sturla, kowa ya sani.

Sturla ya tashi a hankali, ya ce ba zai yi jayayya da 'yar'uwar matarsa a bainar jama'a ba, kowa ya san ranar ta girgiza ta. Sannan ya kawo shawara cewa daga bana kowane mahayi ya riƙa tafiya da takunkumi, kuma a sayi na'urar awon iska ta ƙungiya. Aka tafa masa. Aka kaɗa ƙuri'ar sarautar, ya sake ci, tara da biyu. Ni ɗaya ce a cikin biyun, ɗayan kuma har yau ban san ko wane ne ba. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya yi kama da mai iya hakan ba.

A cikin tumakin Ketill akwai wata tsohuwa mai karyayyen ƙaho da ta ƙi zama a wurina. Duk inda na toshe sai ta sami kafa, ta bi titi kilomita biyu ta je ta tsaya a ƙofar garkensa da ba kowa. Sati ɗaya bayan zaɓen na je ɗauko ta karo na huɗu. Ina janta a gefen titi, tana turjewa, sai ga motar Sturla. Ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya leƙo da gwiwar hannu a waje.

"Ba haka ake yi ba, Hallveig. Ki kama ta ta ƙarƙashin haɓa, ki ɗaga kan sama."

"Sauko ka nuna mini, ranka ya daɗe."

Ya duba agogonsa, ya ce ana jiransa a gari, ya ɗaga gilashin.